Filin Kiwon Lafiya: Injin Tsotson Miki Bayan Fiɗar Ƙari

Wanda ya je dubiya a ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa a wani babban asibiti, mai yiwuwa ne ya tarar da majiyyaci kwance, an liƙe masa cinya da wata leda garau, a ƙarƙashinta ga baƙin soso ya moɗe ya lafe cikin nama, ga kuma siririn tiyo ya fito daga ciki ya nufi wani ɗan akwati da ke gurnani a gefen gado. A jikin akwatin akwai gwangwanin roba, wani ruwa ja-ja yana taruwa a ciki. 'Yan dubiya kan tsaya suna al'ajabi, waɗansu su ce mataccen jini ake zuƙewa, waɗansu kuma su ce ai cutar ce kanta ake tsotsewa kamar yadda wanzami ke yi da ƙaho. Wannan magana ta biyu tana da haɗari, musamman idan abin da aka yanke daga cinyar nan ƙarin daji ne. Injin yana da aikinsa, yana kuwa yin sa, amma a kan miki aikin ya tsaya. Ba ya fid da ciwon daji daga jikin mutum.

Kafin a gane amfaninsa, sai an san irin mikin da ake ɗora shi a kai. Ƙari kan tsiro a cikin nama, watau a kitse ko tsoka ko jijiya ko tantanin da ke lulluɓe da tsoka. Galibin irin waɗannan ƙululai ba su da mugunta, tarin kitse ne kawai, kuma masana sun ƙiyasta cewa marasa illa sun riɓanya masu illa wajen sau 100. Mai illar shi ne likitoci ke kira sakoma. Ba shi da yawa, domin bai wuce kashi 1 daga cikin 100 na ciwon dajin manya ba, amma iri-irinsa sun haura 50, kuma babu inda ya fi son zama kamar cinya. Mugun halinsa shi ne sau da yawa ba ya ciwo da farko. Sai ya yi wata da watanni yana girma a ɓoye cikin tsoka, mai shi yana harkarsa.

A da, maganin da aka fi amincewa da shi shi ne a yanke ƙafar ko hannun ɗungum. A cikin shekarar 1982 Dokta Steven Rosenberg da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi a kan majiyyata 43. An yanke wa 16 gaɓar, sauran 27 kuwa aka cire ƙarin kaɗai aka bi da gashi, watau haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji. Da aka bi sawunsu, ba a ga bambanci a tsawon rayuwarsu ba. Tun daga wannan lokaci hankalin likitoci ya koma ga ceton gaɓa, har ya zama yanzu a manyan cibiyoyin wannan aiki, cikin mutum 10 ba a cika yanke wa fiye da ɗaya ba.

To, amma ceton gaɓa yana da farashinsa. Ba a ɓare sakoma a fid da shi kamar yadda ake fid da ƙwallo daga mangwaro. Dole ne a yanke shi tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi ta kowane ɓangare, yadda wuƙa ba za ta ko gan shi ba. Ƙari mai girman gwanda idan aka cire shi ta wannan hanya, sai ya bar kogo a cinya, wani lokaci har da fatar da ke sama. Kogon nan kan cika da ruwa, ruwan ya ture ɗinki, ɗinkin ya warware, ƙwayoyin cuta su sami gida. Gashi kuma, da yake yana raunana nama, sai ya ƙara dagula al'amarin. Wani gwaji da Dokta Brian O'Sullivan na Toronto ya jagoranta a Kanada, wanda mujallar Lancet ta buga a shekarar 2002, ya nuna cewa daga cikin majiyyata 88 da aka yi wa gashi kafin fiɗa, 31 sun sami babbar matsalar miki, watau kashi 35 daga cikin 100, alhali kuwa cikin 94 da aka yi wa bayan fiɗa, 16 ne suka samu, watau kashi 17. Sai dai waɗanda aka yi wa daga baya sun fi fama da taurin nama da sandarewar gaɓa a shekarun da suka biyo, saboda gashin nasu ya fi ƙarfi kuma ya fi faɗi. Gaba kura ke nan, baya sayaki. A cikin wannan matsatsi ne injin tsotso ya sami gurbi a fiɗar ƙari.

Asalin Dabarar

Tun a shekarun 1980 likitocin Tarayyar Sobiyat suke tsotse mikin da ya yi mugunya da inji, kuma a shekarar 1993 wani likita Bajamushe, Wim Fleischmann, ya ba da labarin yadda ya yi jinyar buɗaɗɗiyar karaya da soso da tsotso. Amma waɗanda suka sa duniya ta waiwayo su ne Dokta Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest a Jihar Karolina ta Arewa. A shekarar 1997 suka buga bayanai biyu. Na farko a kan aladu ne: sun tarar cewa idan aka ja miki da ƙarfin da ya kai 125 a irin mizanin da ake auna hawan jini da shi, jinin da ke zuwa wurin kan riɓanya har sau huɗu, sabon nama kuma ya fi saurin tofowa. Na biyu a kan mutane ne, miki 300, waɗanda 296 daga cikinsu suka nuna alamar sauƙi. Injin da aka ƙera bisa aikinsu, wanda aka sani da sunan V.A.C., ya riga ya shiga kasuwa tun 1995. Lambar nan 125 har yanzu ita ce aka fi saita inji a kai. Ba wani ja ne mai tsanani ba, bai wuce sudusin nauyin iskar da ke danne kowane mutum a kullum ba tare da ya sani ba.

Yadda ake sa shi ba shi da wuyar fahimta. Ana yanka soso daidai da siffar mikin a cusa a ciki, a shimfiɗa leda mai danƙo a kai ta kama lafiyayyar fata ta ko'ina, a huda ledar a tsakiya a liƙa bakin tiyo, sa'an nan a kunna inji. Nan take soson zai moɗe, ya jawo gefunan mikin su matso kusa. Ruwan da ke taruwa ya bi tiyo ya fita, kumburi ya saɓe, ƙananan hanyoyin jini da kumburin ya matse su buɗe. Akwai kuma wani aiki da ido ba ya gani. Soson yana da ƙananan ƙofofi barkatai, kuma tsotson kan ja saman naman ya ɗan shiga cikinsu. Ƙwayoyin halittar jiki idan aka ja su haka, sai su shiga rabuwa suna hayayyafa, shi ya sa bayan 'yan kwanaki ake ganin jan nama mai ɓarɓashi ya shimfiɗu a ƙasan mikin. Ana sauya soson bayan kwana biyu ko uku. Wannan kaɗai sauƙi ne babba ga wanda a da sai an kwance masa bandeji sau biyu ko uku a yini, zanin gado kullum jiƙe.

Abin da ya haɗa shi da ƙaho shi ne tsotso, daga nan sun rabu. Wanzami fata yake tsagawa ya ja jini na ɗan lokaci. Injin kuwa so ake kada ya ja jini sam, ya yi ta ja a hankali dare da rana.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk mai hankali da ya ji cewa tsotso na sa ƙwayoyin jiki hayayyafa, lalle zai tambaya: in akwai ragowar ƙwayoyin daji a cikin mikin fa? Wannan tambaya ce ta sa masu ƙera injin da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka suka sa miki mai ciwon daji a cikin jerin wuraren da aka hana ɗora shi. Ruwan da ya raya dawa shi ke raya ƙudujin da ke gindinta. Saboda haka dokar farko ita ce, sai an cire ƙarin tukuna. Akan yi togiya ga majiyyacin da cutarsa ta wuce magani, a sa masa injin domin rage wari da zubar ruwa kawai, amma wannan hukunci ne na likita, kuma ana yin sa da fargabar ɓallewar jini.

Matsalar ita ce, a ranar fiɗa likita ba ya iya rantsewa cewa ya cire kome. Waɗansu nau'o'in sakoma kan miƙa siraran saiwoyi su bi ƙarƙashin fata har nesa da inda ake jin ƙullun. Akwai wanda ya fi kama tsofaffi, akwai kuma na fata da ake taƙaita sunansa da DFSP, wanda ƙididdigar Amurka ta nuna ya fi yawa ga baƙar fata, kuma sau da yawa akan ɗauke shi tabo ne da ya yi tudu. Mai iya tabbatarwa shi ne likitan da ke duba nama a ɗakin bincike. Shi zai shafa wa gefunan abin da aka yanko tawada, ya jiƙa shi a magani, ya yayyanka shi siri-siri fiye da fatar albasa, ya duba da madubin likita ko ƙwayoyin daji sun taɓo tawadar. Wannan aiki kan ci kwanaki, mako guda ko fiye.

A cikin waɗannan kwanaki me za a yi da ramin? Idan aka rufe shi nan take, wataƙila ta hanyar ɗauko tsoka da fata daga wani sashen jiki tare da jijiyoyinsu, aikin da kan ci sa'o'i da yawa, sa'an nan sakamako ya fito cewa akwai saura a gefe kaza, sai an koma an ɗaga abin da aka dasa. A lokacin nama ya riga ya gauraye, gefen da ake nema ya ɓace, kuma mai yiwuwa an riga an yaɗa ƙwayoyin zuwa wurin da aka ɗauko tsokar. Idan kuwa aka bar shi a buɗe da auduga da bandeji, ga zafi, ga ruwa, ga ƙwayoyin cuta. Dabarar da likitoci da yawa ke bi yanzu ita ce a rufe ramin da soso da leda a kunna inji, a jira. Sakamako in ya fito da kyau, a koma ɗakin fiɗa a rufe. In ya nuna saura, ga mikin nan yadda aka bar shi, kowane gefe a wurinsa, sai a ƙara yanke daidai inda aka nuna. Ko shakka babu wannan shi ne mafi girman amfanin injin a fiɗar ƙari: yana saya wa likita lokaci, ya hana shi gaggawar rufe ƙofa da ɓarawo a ciki.

Mai lura zai ce ai wannan ya saɓa wa dokar farko, tun da a kwanakin jira ba a tabbatar babu saura ba. Gaskiya ne. Hujjar masu yi ita ce kwanakin kaɗan ne, kuma duk gefen da aka sami saura za a sake yanke shi. Binciken da aka yi ta hanyar waiwayar takardun majiyyatan da aka yi wa haka bai nuna cewa ƙarin ya fi dawowa gare su ba. Amma waiwaye ne, kuma adadin mutanen ba shi da yawa, saboda haka hujjar tana tsaye ne muddin jiran gajere ne. A inda sakamakon ɗakin bincike kan yi makonni bai fito ba, lissafin ya sauya, kuma ya kamata dangin majiyyaci su tambayi ranar fitowarsa tun kafin a shiga fiɗa.

Sauran amfaninsa ba su bukatar dogon bayani. Idan an yi dashen fata, akan ɗora soson a kai wajen kwana biyar domin ya danne ta ta kama, ko da a wuri mai lanƙwasa. Idan ɗinki ya warware daga baya, akan wanke mikin a sa injin ya cike shi. Akwai kuma wani iri da ake ɗorawa a kan rufaffen ɗinki har kwana bakwai, da fatan ya hana shi warwarewa.

Kada A Zuzuta Shi

Injin ya yi farin jini tun kafin a auna shi awo mai tsanani, kuma da aka zo aunawa, sakamakon ya zo a gauraye. A gwajin da Armstrong da Lavery suka buga a shekarar 2005, a kan masu ciwon sukari 162 da aka yanke wa wani sashen ƙafa, kashi 56 daga cikin 100 na masu inji sun warke, masu bandeji kuwa kashi 39. Amma a Birtaniya, wani gwaji na shekarar 2018 a kan mutum 460 masu buɗaɗɗiyar karaya a ƙafa bai ga bambanci ba bayan shekara guda. Wani kuma na shekarar 2020, mai mutane fiye da 1,500 da aka ɗora wa injin a kan ɗinki bayan fiɗar karaya, shi ma bai nuna raguwa ta a zo a gani a ruɓewar miki ba. Kazalika da'awar farko cewa yana rage ƙwayoyin cuta, wadda aka gani a jikin aladu, ba ta tabbata sosai a jikin mutane ba. Watau ba ya maye gurbin wuƙar da ke kankare mataccen nama, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta in an bukace shi. Majiyyacin da aka ce masa mikinsa ba ya bukatar inji, kada ya ɗauka rowa aka yi masa.

Yana kuma iya kisa. A watan Nuwamba na 2009 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ta sami rahoton mutuwar mutum 6 da raunata 77. A watan Fabrairu na 2011 ta sabunta lissafin tun daga 2007 ya zama mutuwa 12 da rauni 174. Babban sanadin mutuwar shi ne ɓallewar jini. Wannan ya shafi masu ƙarin cinya kai tsaye, domin manyan jijiyoyin jinin ƙafa ta nan suka ratsa, sau da yawa akan feɗe ƙarin ne daga jikinsu a bar su tsirara, in kuma an yi gashi sun riga sun yi rauni. Ba a ɗora soso a kan jijiya sai an lulluɓe ta da tsoka ko wani shamaki. Mai shan maganin tsinka jini dole ya faɗa. Mai zaman jinya kuwa ya riƙa duban tiyo: ruwa mai launin ruwan nama ba kome, amma in ya ga jini ja wur yana gudu, ko gwangwani ya cika farat ɗaya, ya kashe injin, ya danne wurin da hannu, ya yi kururuwar neman ma'aikatan jinya.

Akwai ƙananan dokoki da sakaci da su kan jawo babbar wahala. Ana ƙirga guntayen soson da aka sa a rubuta, a kuma ƙirga su in an zo cirewa, domin guntun da aka manta a lungun miki kan ruɓe. Leda in ta ɗaga ko kaɗan, iska ta shiga, tsotso ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cire soso yana da zafi saboda sabon nama kan kutsa cikin ƙofofinsa, don haka akan kashe injin tun da wuri, a jiƙa soson da ruwan gishirin asibiti, a ba da maganin zafi kafin a taɓa. Doka mafi nauyi ga ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas ita ce ta sa'o'i biyu: injin in ya tsaya fiye da haka, ba a barin soson a ciki, sai a cire a sa bandeji, domin rufaffen miki marar tsotso ɗakin kiwon ƙwayoyin cuta ne. Yawancin injinan suna da batir, amma batir ma sai an yi masa caji. Wanda za a sallama gida da inji, a fara tambayar ina zai sami wuta.

Tsadar injin da sosonsa ta sa likitoci a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna haɗa nasu da auduga da tiyo da leda da injin tsotson da ke ɗakin majiyyata, kuma in an auna ƙarfin jan yadda ya kamata, yana aiki. Wata ɗalibar injiniya a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, Danielle Zurovcik, ta ƙera ɗan famfon hannu marar bukatar wuta, aka gwada shi a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. Wannan duka aikin ma'aikatan asibiti ne, ba abin da za a kwaikwaya a tsakar gida ba.

Girman ramin da injin zai yi fama da shi, tun ranar da aka fara taɓa ƙarin ake yanke shi. A shekarar 1985 waɗansu likitoci biyu a Los Anjalas suka duba majiyyatan da aka turo musu bayan an cire musu ƙari a wani wuri ba tare da an san sakoma ne ba. Da suka sake buɗe wurin, sun sami ragowar ƙarin a jikin kusan rabinsu. Fiɗar farko da aka yi a makance kan watsa ƙwayoyin cikin nama, ta biyu sai ta ci ninkin abin da za ta ci da, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙa'idar da likitoci ke bi a bayyane take: ƙullun da ya wuce santimita 5, watau kamar ƙwan kaza, ko yake zaune can cikin tsoka, ko yake ƙara girma, ko yake ciwo, ko ya dawo bayan an cire shi, ba a tsaga shi, ba a sa masa ƙaho, ba a kuma cire shi a ƙaramin asibiti. Hoto ake fara ɗauka, a tsakuro ɗan nama da allura a duba, sa'an nan a tsara fiɗa. A Nijeriya asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitocin ƙashi na ƙasa irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas da na Inugu su ne wuraren da ya dace a nufa da irin wannan. Duk kuma abin da aka yanko, kome ƙanƙantarsa, ɗakin bincike ake kai shi, ba a binne shi a bayan gida.

Ranar da aka cire leda ta ƙarshe aka ga fata ta haɗe, dangi kan yi murna su ce an rabu da cuta, majiyyaci ya daina zuwa asibiti. Alhali kuwa sakoma in zai yaɗu, huhu ya fi nufa, ta hanyar jini, kuma galibi a cikin shekaru biyu ko uku na farko yake bayyana. Domin haka ne ake bukatar wanda aka cire wa mugun iri ya riƙa komawa duk bayan wata uku ko huɗu a waɗannan shekaru, a duba tabon a ɗauki hoton ƙirji, daga nan duk wata shida har shekara biyar, sa'an nan sau ɗaya a shekara har a cika goma. Tsiron da aka gano a huhu tun yana ƙarami, akan iya yanke shi.